Dajin da aka sare kusan duka, aka kuma dawo da shi: yau muna Great Smoky Mountains

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Kaduna garin gwamna, 'yan Tudun Wada, 'yan Kawo, 'yan Rigasa da Unguwan Rimi, barkanmu da warhaka. Yau daji na fito da ku. Nan da kuke gani Newfound Gap ake ce masa, wata 'yar ƙofa ce tsakanin duwatsu a cikin gandun dajin Great Smoky Mountains, kuma daidai inda nake tsayen nan iyakar jihohi biyu ce na Amurka, Tenesi ta nan ɓangaren, Karolina ta Arewa ta can. Tsayin wajen ya haura mita 1,500 shiyasa kuka ganni da rigar sanyi, a ƙasa cikin gari ba haka yanayin yake ba.

Toh ku kalli can nesa, kunga wani shuɗin hazo kwance akan duwatsun kamar yadda hazon hunturu ke kwanciya a kan kogin Kaduna da sassafe, amma wannan ba ƙura bace kuma ba wuta akeyi ba. Bishiyoyin ne da kansu ke fitar da wani irin tururi, ya haɗu da danshin iska, idan rana ta haska sai ya koma shuɗi. Ruwan sama ma ba kaɗan ake yi a nan sama ba, a kan tsaunukan yana wuce milimita 2,000 a shekara.

Abun da ya kawo ni ba kyan wajen kaɗai bane, tarihinsa ne ya tsaya min a rai. Wallahi idan ka kalli dajin nan zaka rantse tun da Allah ya halicce shi gatari bai taɓa shiga ba. Toh ba haka bane. A farkon shekarun 1900 kamfanonin katako ne suka mamaye shi, suka shimfiɗa layin dogo har cikin kwaruruka, jirgin ƙasa na shiga ya fito shaƙe da gungume, mafi yawan manyan bishiyoyin nan sai da aka kwantar da su. Inda aka sare kuma gobara ta bi baya, ruwa ya wanke ƙasa, rafuka suka cika da laka. Kamfani ɗaya, Little River Lumber, bai daina sara ba sai 1939, wato har bayan an ayyana wajen a matsayin gandun ƙasa, saboda da wannan sharaɗin ya yarda ya sayar da filinsa.

Kuma filayen ba na gwamnati bane, na kamfanoni ne da manoma, dole sai an saya. Majalisar Amurka ta amince da kafa gandun a 1926 amma ba ta bada kuɗin sayen fili ba. Sai jihohin biyu suka sa nasu, mutanen gari suka shiga karo-karo, 'yan kasuwa, ma'aikata, har yaran makaranta suna kawo 'yan kwabbansu, aka haɗa wajen dala miliyan 5, duk da haka bai isa ba, sai attajirin nan John D. Rockefeller Jr. ya cika da wata dala miliyan 5 don tunawa da mahaifiyarsa. A 1934 aka kafa gandun a hukumance. Wannan ginin dutsen da ke bayana, a kansa shugaba Franklin Roosevelt ya tsaya a watan Satumba na 1940 ya ƙaddamar da wajen. Maganar yaran makarantar nan ita tafi taɓa ni gaskiya, domin yaron da ya bada kwabonsa, idan ya girma bazai zuba ido a ƙona dajin ba, yasan da kuɗinsa a ciki.

Amma kar na baku rabin labari. Akwai mutanen da suka yi kuka kafin mu samu wajen ɗaukar hoto. Asalin masu ƙasar nan ƙabilar Cheroki ce, a 1838 gwamnati ta kwashe mafi yawansu da ƙarfin soja zuwa yamma can wajen Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka tsira a duwatsun nan jikokinsu na nan har yau a garin Cherokee da ke gindin wannan titin. Bayan shekara kusan ɗari kuma Turawan da suka zauna a wajen su ma aka ce su tashi, masu filaye sama da 1,200, aka biya su amma da yawa ba da son ransu suka bar gonaki da kaburburan iyayensu ba. Wasu tsofaffi aka barsu su ƙarasa rayuwarsu a gidajensu, akwai wasu mata 'yan uwan juna 'yan gidan Walker da suka ƙi motsawa, ta ƙarshensu sai 1964 ta rasu a gidan katakonsu. Idan kaje kwarin Cades Cove zaka ga gidajen katako da coci-coci da maƙabartu an adana su. Ni dai a ganina duk wanda zai killace daji ya fara zama da mutanen da ke cikinsa tukuna.

Ku biyo ni, mun hau mota mun ƙara sama. Yanzu muna Kuwohi, nan ne ƙololuwar gandun, mita 2,025. Shekaru da yawa Clingmans Dome ake ce masa, sai a 2024 aka mayar masa da sunansa na Cheroki bayan su da kansu sun nema. Daga inda ake ajiye mota zuwa hasumiyar kallo bai kai kilomita ɗaya ba amma hawa ne tsaye, kuyi haƙuri da numfashina. Kunga tsohuwar can da sanda, ita ma hawa take, ga masu goyo, ga yara.

Ku lura da farin kututturan nan da suka bushe a tsaye. Ba mutum ne ya kashe su ba, wani mitsitsin ƙwaro ne da ya shigo daga Turai yake tsotse ruwan jikinsu. Kafin shi wata cuta daga Asiya ta gama da bishiyar chestnut wadda da ita ce ke ciyar da dabbobi da mutane a dajin nan, a 2002 kuma aka ga wani ƙwaron a jikin bishiyar hemlock, har yanzu ma'aikatan gandun na fama, suna bin bishiyoyi suna sa magani a gindinsu, suna kuma sakin wasu ƙwarin da ke cinye wannan na hemlock ɗin. Shiyasa dokar itace take da tsauri, idan zaka kwana a tanti baka isa ka ɗauko itacen hura wuta daga garinku ba, sai wanda aka gasa da zafi aka buga masa hatimi, ko busasshen da ka tsinta a ƙasa a nan cikin dajin. Ɗanyen reshe kuwa ko ɗaya ba a sara.

Dabbobi akwai su sosai. An ƙididdige nau'in halittu sama da 19,000 a gandun nan, bishiyoyi kaɗai sun haura kala 100. Amma wanda kowa ke zuwa nema shine baƙar beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da Bature ke kira bear, suna nan sama da dubu. Doka tace kar ka matsa kusa da ita ƙasa da yadi 50, kar ka bata abinci, kwandunan sharar ma na ƙarfe ne masu makulli da bazata iya buɗewa ba. Dalili kuwa, duk beyar da ta saba da abincin mutane tsoro ke fita a ranta, ta fara tunkarar mutane, ƙarshe sai an kashe ta. Wato kai da ka jefa mata biredi don tausayi, kai ka ja mata.

Shigowa kyauta ne jama'a, babu tolget. Lokacin da Tenesi ta miƙa wannan titin ga gwamnatin tarayya ta sa sharaɗin kar a karɓi kuɗin hanya. Daga 2023 dai aka fara sayar da takardar fakin, dala 5 a wuni, 15 a sati, 40 a shekara, kuɗin kuma a nan gandun ake kashe shi. Mutum wajen miliyan 12 ke zuwa duk shekara, babu gandun ƙasa a Amurka da ya kai shi baƙi. Hanyoyin ƙafa sun kai kusan kilomita 1,300, akwai kamun kifi da lasisi, hawan doki, keke, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni kuma akwai ƙwarin nan masu walƙiya da daddare da ke kunna wutarsu a tare su kashe a tare a wani ɓangaren gandun da ake kira Elkmont, sai an yi ƙuri'a kafin ka samu gurbi. Yawan mutanen ma matsala ce, cunkoson mota, shara, ga gobarar Nuwamba 2016 da ta tashi a cikin dajin iska ta kora ta garin Gatlinburg, mutum 14 suka rasu.

Yanzu bari na dawo da ku gida, don tun ɗazu abun ke cina. Mu ma fa muna da namu, gandun Kamuku a Birnin Gwari, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120, kusan rabin wannan. A 1936 aka killace shi ƙarƙashin hukumar En'e, shekara biyu kacal tsakaninsa da wannan da nake ciki, a 1999 ya zama gandun ƙasa. Daji ne na giwa da gwanki, yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara. Baba yakan bamu labarin yadda suke bi ta Mando su wuce Buruku da Udawa hankali kwance. Mu kuwa mun taso idan aka ce Kamuku ba giwa ke zuwa mana a rai ba, 'yan bindiga ne da garkuwa da mutane, kuma mutanen Birnin Gwari su suka sha wahalar, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa. A ƙarshen 2024 anyi sulhu har aka sake buɗe kasuwar shanu, Allah ya ɗorar. Amma ku tambayi kanku, cikin ku nawa ne makarantarsu ta taɓa kai su Kamuku? Gamji Gate aka kaimu, shikenan. Kuma buhunan gawayin da ke jere a bakin titi duk hanyar da ka bi zaka shigo Kaduna, daga wani dajin suke fitowa, ban ga laifin mai dafa abinci da shi ba tunda gas yafi ƙarfin talaka, amma waye ke dasa madadinsu?

Dan Allah 'yan uwa na Birnin Gwari da Kuyello, ku zauna da dattawanku ku ɗauki muryarsu a waya, su faɗi dabbobin da suka gani da idonsu da inda suke shan ruwa da sunayen bishiyoyin, ku turo min mu haɗa bidiyo guda akan Kamuku. Ni yanzu zan gangara ta ɓangaren Cherokee, la'asar ta gabato zan samu gefen rafi nayi sallah, daga nan mu tsaya a filin Oconaluftee, da yamma wasu manyan barewa masu ƙaho kamar reshe da ake kira elk ke fitowa kiwo, mafarauta sun taɓa ƙarar da su a yankin sai a 2001 aka dawo da guda 25. Idan sun fito zaku gansu a kashi na biyu insha Allah.