Fim ɗaya, wani na share hawaye, wani na hamma

Assalamu alaikum, masu kallo.

Akwai wani nau'in fim da duk lokacin da ya fito sai ya raba kan 'yan kallo gida biyu. Labarinsa bai da yawa. Ga dattijo da mantuwa ta fara ci, ga 'yarsa da ta yi shekaru ba ta tako gidan ba saboda wani tsohon saɓani, yanzu dole ta sa ta dawo don babu mai kula da shi. Kyamara za ta tsaya a kansa yana fama da maɓallin riga, ya sa a ramin da ba nasa ba, ya cire, ya sake, minti guda cur, ba kiɗa, ba magana. Ita kuma tana bakin ƙofa, ta kasa shiga, ta kasa tafiya.

Idan an tashi, wani zai fito ido jawur. Wani kuma zai ce, "Wai me aka yi ne a ciki? Awa biyu ba abin da ya faru." Me ya kawo wannan rata?

Mu fara da ido. James Cutting na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya auna fina-finan Hollywood na shekaru da dama, ya gano cewa a shekarun 1930 da 1940 hoto ɗaya kan kai kusan daƙiƙa 10 kafin a yanka zuwa wani, amma bayan shekarar 2000 ya koma ƙasa da daƙiƙa 4. Idonmu ya saba da wannan gudun. Saboda haka idan kyamara ta tsaya minti guda a wuri ɗaya, jiki ne ke fara ƙorafi tun kafin tunani ya ce uffan. Ga kuma tallar fim, wadda takan tattaro 'yan wuraren da aka ɗaga murya ta haɗa su a minti biyu, mutum ya shiga da tsammanin rigima, ya tarar da shiru. Wannan ɓangaren mai sauƙin fahimta ne.

Abin da ya fi zurfi shi ne me ɗan kallo ke yi da wannan shirun. Wajen shekarar 1920, wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa, fuska ce kawai ba murmushi ba ɓacin rai. Ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da hoton wata mata. Kamar yadda aka ruwaito, masu kallo suka yi ta yaba gwanintar ɗan wasan, wai nan ya nuna yunwa, can baƙin ciki, can kuma sha'awa, alhali hoto ɗaya ne. Su suka zuba wa fuskar ma'ana. Fim mai tafiyar hawainiya a kan haka ya dogara: yana barin fili, yana jiran ka cika shi da abin da ka zo da shi. Wanda ya taɓa tsayawa a kan mahaifinsa yana kallon yatsunsa na rawa a kan maɓalli, yana kokawa da zuciyarsa ko ya taimaka ko ya bar shi da ɗan sauran mutuncinsa, wannan mintin ba fanko ba ne a wurinsa. Ya san shi ciki da bai.

Kuma masu irin wannan sani ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da ciwon mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Bayan kowane ɗaya akwai masu jinya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar mata ne ke ɗauka.

To amma ni a ganina, ba jan labari ne ya fi ɓata wa mutane rai ba. Akwai wani abu da fim ɗin ke hana su, kuma a nan nake son mu ɗan dakata.

Tun 1881 masanin halayyar ɗan'adam na Faransa, Théodule Ribot, ya lura cewa idan mantuwa ta zo, sabon abu take fara ɗauka, tsohon ya fi daɗewa. Ku ɗora wannan a kan labarinmu. Dattijon yana tuna 'yarsa tana 'yar shekara 7, yana tuna ranar da ya riƙe hannunta ya kai ta makaranta. Amma ranar da ya faɗa mata maganar da ta sa ta bar gidan, wannan ta goge. Ita kuwa shekara da shekaru tana ɗauke da maganar nan, tana shirya abin da za ta ce masa, tana jiran ranar da zai ce, "Na yi kuskure, ki yafe mini." Ta iso, ta tarar da mutumin da ke mata murmushi da zuciya ɗaya, domin bai san an yi komai ba. Wa za ta tuhuma? Wa kuma za ta yafe wa? Wanda ya yi laifin ba ya nan, wanda ke zaune a gabanta kuma bai san da zancen ba.

Mu 'yan kallo mun saba a biya mu a ƙarshe. A yi kuka, a rungumi juna, a yafi juna, mu tashi da sakakkiyar zuciya. Fim mai gaskiya a kan wannan ciwon ba zai iya ba mu haka ba, don ciwon kansa ba ya bayarwa. Shi ya sa za ka ji wani ya ce, "Ƙarshen bai yi ba." Sau da yawa ba ƙarshen fim ɗin yake nufi ba, nasa labarin ne da bai ƙare ba. Karl Pillemer, shi ma na Cornell, ya wallafa bincike a 2020 da ya nuna kashi 27 cikin 100 na manya a Amurka sun yanke hulɗa da wani daga cikin danginsu. Ka ga ke nan a ɗakin kallo ɗaya, akwai da yawa da ke da lambar wayar da suka daɗe ba su kira ba.

Daga nan sai a rabu. Matasa sukan bi bayan 'yar, su ce tsufa ba ya wanke zalunci. Masu manyan shekaru sukan ga kansu a kujerar dattijon, tsoro ya kama su, su ce ai uba uba ne, ko me ya yi. Wasu masu jinya kuma ba sa iya kai wa ƙarshe. Suna kashewa a rabi, ba don gundura ba, don abin da suke gani a allo shi ne ke jiransu a ɗaki na gaba. Ina ganin girman waɗannan ƙwarai, kuma bai kamata a matsa musu su kalla ba.

Sai dai kada a ɗauka duk wanda ya yi hamma bai da zurfin tunani. Akwai fina-finan da jan nasu na banza ne, mai shiryawa ya bar kyamara a kunne don a ce masa gwani. Yadda nake bambancewa shi ne in duba ko wani abu ya sauya tsakanin farkon hoton da ƙarshensa. Idan a cikin wannan mintin 'yar ta matso taki ɗaya daga bakin ƙofa, ko ta ɗaga hannu ta mayar, to an yi labari. Idan yadda aka fara haka aka gama, mai hamma ya fi kowa gaskiya.

Wannan ne ma ya sa makin da ake ba irin waɗannan fina-finai a intanet ke yaudara. Idan rabin mutane suka ba da tauraro 5, rabi suka ba da 1, abin da za ka gani a shafi shi ne 3, makin da babu ko mutum ɗaya da ya bayar. Sai ka ɗauka fim ne tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa, alhali kowa a cikinsu ya fito ne da ra'ayi mai zafi. In kana son sanin ko zai yi maka, bar lambar, ka karanta dalilin da masu 5 suka kawo da wanda masu 1 suka kawo, ka ga wanne ya fi kama da halin da kake ciki.