Ashe Bill Gates ba Bill ne sunansa na yanka ba!

Salamu alaikum jama'a, daga Landan. Abin da ya ɗaure mini kai yau: Bill Gates, a takarda William Henry Gates ne. Bill Clinton ma William Jefferson Clinton. Wallahi Turawan nan sun kusa kamo mu a sauya suna, mu da muke mai da Abubakar Garba, Ibrahim kuma Iro.

Ku dubi ginin dutsen nan da ke bayana a bakin kogin Thames, Tower of London ke nan. Tikitin shiga ya haura fam 30, ni kam kallo daga waje ya ishe ni. Wanda ya sa aka fara gina shi wajen 1078 William ne, mai mulkin Normandy a arewacin Faransa, da ya ci Ingila da yaƙi a Hastings a 1066. Shi da mutanensa suka yaɗa sunan a nan. Tushensa tsohon Jamusanci ne, "wil" nufi ko ƙuduri, "helm" kwalkwali, wato hular yaƙi. Sarakuna huɗu sun hau gadon Ingila da shi, na huɗun ya rasu a 1837, Yarima William mai jiran gado kuwa, idan ya hau bai canza suna ba, shi ne zai zama na biyar. Faransawa su ce Guillaume, Jamusawa Wilhelm. Liam ɗin nan da ya fi kowane sunan yara maza farin jini a Amurka tun 2017, guntun Uilliam ne na mutanen Ireland. Williams da Wilson da kuke gani a bayan rigunan 'yan ƙwallo, ɗan William ake nufi.

To ga inda ake tuntuɓe. Za ka tura wa mai gidan haya kuɗi, ka san shi da Bill, ka rubuta Bill, manhajar banki ta ce sunan bai dace da na asusun ba. Tambaye shi cikakken sunansa tukuna. Tikitin jirgi ma sai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, in ba haka ba gyara na iya cin kuɗi.

Kuma kada ka gajarta wa mutum suna sai ka ji yadda yake kiran kansa, wani William ɗin Will ne, ka ce masa Bill ya haɗe rai. Willy kuwa, don Allah kada bakinka ya suɓuce da shi a ofis. A bakin yaran Ingila sunan al'aurar namiji ne.