Inabin Gewürztraminer: ƙanshin a ɓawo yake

To jama'a, abu uku zan faɗa a kan wannan inabi, Gewürztraminer. Na farko asalinsa. Ana danganta shi da ƙauyen Tramin a arewacin Italiya, amma inda ya yi suna sosai shi ne Alsace, gabashin Faransa, bakin iyakar Jamus. Duwatsun Vosges ne ke tare hadari kafin ya iso, shi ya sa wajen garin Colmar na Alsace ruwan sama bai da yawa, kaka kuma ta yi tsawo, ga rana ga sanyi. Yana cikin iri 4 da aka fi girmamawa a can, tare da Riesling da Pinot Gris da Muscat.

Yauwa, ƙanshi. Nan ne nake so ku buɗe kunne, na baya ku matso kusa. Farar giya ake yi da shi, amma in ka ga ƙwayar a jikin kurangar ja-ja ce, kamar ruwan hoda. Ruwan cikin ne fari. Ƙanshin kuma a ɓawo yake, a ɓawo! Wasu sinadarai ne da ake kira tafin (terpene a Turance), irin su linalul da jeraniyol, da wani ros-oksaid wanda shi ɗin dai ake samu a lici, ɗan itacen nan na ƙasar Sin, shi ya sa mutum zai shinshina ya ce wallahi wardi aka zuba ciki, alhali ba abin da aka zuba, itacen ne ya haɗa kayansa. Don haka masu yi sukan bar ruwan ya jiƙa da ɓawon na 'yan awoyi kafin su matse, in kuma suka wuce gona da iri sai ɗaci ya shiga.

Kuma wahalar manomi ke nan, abin na burge ni matuƙa. Inabin nan sukari yake tarawa da yawa amma tsaminsa kaɗan ne, kuma tsamin ƙara sauka yake yana nuna. Ka tsinka da wuri ka samu tsami ba ƙanshi. Ka jira, ƙanshi ya cika, tsami ya gudu, abin ya yi nauyi a baki. Kwanaki ƙalilan ne tsakani, kullum mutum na cikin gona yana ɗanɗana ƙwaya. Ƙanshin nan a ɓawo fa na ce muku yake.

Na nawa muke, na uku? To, yana fid da toho da wuri, sanyin ƙarshen hunturu kan ƙona shi, amfaninsa kuma bai da yawa...

(Wani daga cikin masu sauraro: Malam, me zai hana a shuka shi inda ake zafi, tunda yana son rana?)

Madalla da tambaya, ɗan'uwa. Zai fito, zai ma yi 'ya'ya. Amma zafi kan sa ya nuna da gaggawa, sukari ya hau kafin ƙanshi ya haɗu, ɗan tsamin da ke akwai kuma ya ƙare. Sanyin dare yake so. Shi ya sa za ka same shi a Jamus, da New Zealand, da jihar Oregon ta Amurka. A Alsace ma tun 1984 akwai doka ta musamman ga wanda aka bari ya daɗe a kurangar har ƙarshen kaka, kuma sanyin nan ne ke ba su damar jiran.