Jar gwaiduwa ba ita ce shaidar ƙwan gida ba

Ga ƙwai biyu na fasa a faranti. Na dama gwaiduwarsa ja wur kamar an ɗiga manja, na hagu kuwa ta koɗe. To jama'a, wanne ne na kazar gida?

Na san wanda kuka zaɓa. Kwanakin nan ko'ina a WhatsApp sai ka ga an fasa ƙwai ana cewa, "Hajiya duba, wannan shi ne na gargajiya." To na daman nan, kazar da ta saka shi ba ta taɓa taka ƙasa ba, a keji take.

Mutane sun dawo neman kayan gida, kuma ban ga laifinsu ba. Kazar gida sai ta yi wata biyar zuwa shida kafin ta isa yanka, burola kuwa sati shida zuwa takwas an gama. Ta gida ƙwai 40 zuwa 60 take yi a shekara, ta gidan gona tana kusan 300. Dole na gida ya yi tsada, dole kuma a sami mai neman cin wannan kuɗin da abin da ba shi ba.

Yanzu a nutsu, nan ne ake ruɗewa.

Launin gwaiduwa daga abinci yake zuwa. Akwai wani sinadari, karotinoid, a cikin ɗanyen ganye da jar masara. Jikin kaza ba ya haɗa shi da kansa, sai ta ci, sannan ya gangara cikin gwaiduwa. Kun ga wannan da ke tono a bayan gida? Damina ce, ga ciyawa, ga fāra. Ƙwanta zai yi ja. Ku dawo mata a watan Maris, lokacin da ba ko ɗanyen haki, sai dusa da tsakin dawa. Kazar ita ce dai, gidan shi ne dai, amma gwaiduwar ta koɗe.

Mai gidan gona kuma fa? Ya haɗa abinci da jar masara, ko ya barbaɗa garin zogale. Manyan masu haɗa abinci har sinadarin furen marigold da na jan tattasai suke sakawa. Kamar sati biyu launi ya juya. Suna ma da wani kati mai kama da mahuci, kowane launi da lambarsa, su zaɓi wanda kasuwa ke so. Kamar mai ɗinki yana zaɓar zare, wallahi. Ba guba ba ce, a ci lafiya. Amma fa bai ce maka komai ba game da inda kazar ta kwana.

Ɓawo ma haka. Fari ko ruwan ƙasa, jinsin kaza ne. Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta samar, ƙwanta ruwan ƙasa ne, kuma kazar gidan gona ce.

Ni dai in zan saya, wajen mai kiwon nake zuwa, in leƙa akurki, in ga abin da ke cikin kwanon abinci. Sai tambayar da ba a cika yi ba: "Malam, yaushe rabon da ka ba su magani?" Don kazar gida ma ana kwance mata kafso a ruwa in mura ta shigo unguwa. Maganin kaji na kirki yana ɗauke da kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwai, a rubuce a jikin leda. Wanda ya san aikinsa zai ba ka amsa nan take. Wanda ya fara sosa ƙeya, to...

Af, na hagun. Na kazar maƙwabciyata ne, wadda ke haura mana katanga kullum tana ɓarar da ruwan alwala. Miƙo kaskon nan, kada su lalace.