Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Gane Shekarun Rubutun Dutse a Himalaya?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta yau daga wani malamin makaranta ce a Damagaram. Yana cewa: "Na ji an ce a yankin tsaunukan Himalaya akwai rubutu a jikin dutse da ya haura shekara 1,500. Shin dutsen ake gwadawa a gane haka?"

Malam, ba dutsen ake gwadawa ba. Gwajin kabon, wanda ake gane shekarun tsofaffin abubuwa da shi, yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi, itace ko gawayi. Shi dutse ya girmi mai sassaƙa da miliyoyin shekaru, don haka rubutun kansa ake bi.

Ga misali, ginshiƙin da ke haikalin Changu Narayan, kusa da Katmandu a ƙasar Nepal. Sarki Manadeva ne ya sa aka sassaƙa shi da harshen Sanskirit, har ya ba da labarin yadda ya roƙi mahaifiyarsa Rajyavati kada ta bi mijinta lahira, kamar yadda ta ƙudurta. An sa shekara ta 386. To, 386 daga yaushe? Ba a faɗi kalandar ba. Kamar ka tsinci wasiƙa mai shekarar 1400, ba Hijira ba Miladiyya a jiki. Yawancin masana sun tsaya a kan kalandar Saka, wadda ta fara a shekarar 78 Miladiyya. In ka haɗa, ka samu 464. Siffar haruffan ma ta dace da rubutun arewacin Indiya na wancan ƙarni.

Hujjar da ta fi burge ni kuwa tana Kalsi, a gindin tsaunukan, cikin jihar Uttarakhand ta Indiya. A dutsen nan Sarki Ashoka na Indiya ya ambaci sarakunan Girkawa biyar na zamaninsa, ciki har da Antiyokus na Sham da Batlimus na Masar. Lokacin mulkinsu sananne ne, shi ya sa aka ajiye rubutun a tsakiyar ƙarni na 3 kafin Miladiyya.

Amma fa ana saɓani. A 1992 an tono gunkin Sarki Jayavarma a Maligaon, cikin Katmandu. Wasu sun karanta shekarar da ke jikinsa 107, wasu 207, wato 185 ko 285 Miladiyya. Alama ɗaya ce ta jawo tazarar shekara 100 cur.

Mun gode da wasiƙarka, malam. A gaida ɗalibai.