Ƙwarin danshi: haske ke korar su, amma ba shi ke haɗa su ba

Idan aka ɗaga tsohon katako ko tukunyar shuka da ta daɗe a ƙasa mai laima, sau da yawa abin da yake bayyana shi ne ƙwarin danshi: ƙananan halittu masu launin toka sun cure wuri guda, sannan su watse da zarar rana ta haska su. Bayanin da ya fi yawo game da wannan taruwa shi ne, wai tsoron haske ne ya tara su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

Waɗannan halittu dangin ƙaguwa da jatan lande ne da suka koma zaman tudu. Ƙafafunsu 14, kuma suna numfashi ne ta wasu sassa da ke ƙarƙashin cikinsu, waɗanda dole su kasance da laima. Jikinsu ba shi da maiƙon da ke riƙe wa kyankyaso ruwa, saboda haka wuri mai haske a wurinsu alama ce ta zafi da bushewa. Gudun haske ke nan, kuma babu mai musun sa.

To, ga inda ake kuskure. A wani bincike da masana daga Faransa da Beljiyam suka wallafa a 2011 kan nau'in Porcellio scaber, an zuba guda 40 a cikin faranti mai mafaka biyu iri ɗaya, duhunsu ɗaya, girmansu ɗaya. Da a ce gudun haske ne kaɗai ke aiki, da kowace mafaka ta samu kusan rabi, domin babu abin da ya fifita wannan a kan waccan. Amma ga abin da ke faruwa a irin wannan gwaji. Cikin 'yan mintoci mafi yawansu sun cunkushe a mafaka guda, ɗayar kuwa kusan babu kowa, kuma idan aka sake gwajin, mai yiwuwa wadda aka ƙaurace wa ɗazu ita ce za ta cika.

Babu shugaba a cikinsu, babu kuma wanda ya kira taro. Kowanne yana yawo ne har jikinsa ya taɓa na ɗan uwansa, sai ya dakata, kuma gwargwadon yawan waɗanda ya tarar, gwargwadon daɗewar da zai yi kafin ya tashi. Ɗan bambancin da aka samu a farko, ko da na uku da biyu ne, shi yake ƙaruwa har ya rinjayi sauran, kamar mai saye da ke tsayawa a rumfar da ya ga jama'a. A ganina wannan ya fi batun hasken ban mamaki.

Ribar cunkoson kuwa tsohon sani ne: tun 1926 masanin dabbobi Warder Allee na Jami'ar Chicago ya nuna cewa waɗanda suka cure ba sa rasa ruwan jiki da sauri kamar wanda yake shi kaɗai.

Aikin haske shi ne ya karkata su zuwa inuwa. Ko an rage shi sosai, taron ba ya fasa haɗuwa, kuma wani lokaci ma yakan kafu a gefen faranti, a wajen mafaka, sauran su zo su lafe a can, alhali inuwa tana kusa da su.