Kaka Ta Shigo, Kada a Zaunar da Dattawa

Ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, ana ɗaurin dami ana kaiwa rumbu. A watan Oktoba da Nuwamba kowa a gari yana da abin yi. To amma leƙa cikin gida. Baba ya ɗauki sandarsa zai duba gona, aka ce, "Baba ku zauna ku huta, yara za su je." Inna ta ɗauki tsintsiya, jika ta yi wuf ta karɓe. Ladabi ne, ƙauna ce, babu mai musu. Sai dai hutun nan idan ya zarce, shi ke raunana tsoho tun kafin wata cuta ta taɓa shi.

Ga yadda abin yake. Tun daga wajen shekara 30, tsokar jikin mutum tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, bayan shekara 60 kuma raguwar tana ƙara sauri. Abin da ke riƙe tsoka shi ne amfani da ita. Kuma kaka ba ta zuwa ita kaɗai, hunturu na biye da ita. Da sanyi ya kankama, dattijo sai ya shige ɗaki, ya ja bargo, daga Disamba har Fabrairu. Kafin bazara, wanda da yake miƙewa daga tabarma da kansa, yanzu sai an kama hannunsa. Daga nan sai faɗuwa, a bakin ƙofa ko a makewayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi shafa. Karayar ƙugu ga tsohuwa ba ƙaramin abu ba ne, da yawa ba sa sake tafiya kamar da.

Me ake bukata? Shawarar da hukumar ta fitar a 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Wato minti 30 a rana, kwana biyar, ya kai mafi ƙarancin abin da ake so. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashi amma mutum yana iya hira. Ba sai an je filin wasa ba. Tafiya masallaci da ƙafa, zagaya gona, zuwa gaida 'yan'uwa a unguwar gaba, roron wake, shara, duk suna cikin lissafi, kuma ana iya rarraba su minti goma goma.

Sannan a ƙarfafa ƙafa. A zauna a kujera mai ƙwari, a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, a koma a hankali, sau takwas ko goma. A dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, a sauya. Irin wannan, kwana uku a mako, shi ne maganin tangaɗi. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya dakata ya ga likita. Masu hawan jini da ciwon suga su nemi shawara kafin su ƙara wa kansu aiki.

Lokacin fita ma abin lura ne. Sanyin asuba yana tsuke jijiyoyin jini, jini ya hau. Gara a bari hantsi ya fito. Ranar da hazo ya rufe gari, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana tayar da tari da asma. A rufe hanci da rawani ko mayafi, ko a yi zagayen a tsakar gida. A sha ruwa ko da ba a ji ƙishi ba, domin jin ƙishi yana dusashewa da tsufa, ga iskar ta bushe. Kaskon gawayi kuwa kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Saura ƙwaƙwalwa, kuma nan ne muka fi sakaci. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa, ya ce kusan kashi 45 cikin 100 na cutar ana iya kauce masa ko jinkirta shi idan aka magance su. A cikinsu akwai zaman kaɗaici, rashin motsi, raunin ji da raunin gani. Tsohon da ba ya ji sosai yakan janye daga majalisa don kunyar yawan cewa "na'am?" Mai yanar ido yakan ajiye Alƙur'aninsa, alhali aikin cire yana ana yin sa a asibitocin ido da yawa a Arewa. A kai su a duba.

Abin da ƙwaƙwalwa take so yana nan a gidajenmu: tilawa da muraja'a, wasan dara a gindin bishiya, kacici-kacici, sauraren rediyo a yi muhawara a kai. A tambayi Baba wane dami za a ajiye don iri, ya lissafa buhunan da aka samu bana ya gwada da na bara. Da daddare, a shimfiɗa tabarma a zube gyaɗa a gaban Inna, jikoki su kewaye ta ana ɓara, ta ce "ga ta nan ga ta nanku." Idan yara sun zauna makarantar dare ko sun riƙe waya, a ware ko daren Alhamis ne kaɗai, a sanar da Inna tun da rana don ta shirya tatsuniyar da za ta bayar.